Agogon Muzammil da Ƙafafun Baba

Zuwa ga ƙanena Muzammil,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hasna da yara, ya kare ku daga sanyin Faransa da ake ce mana har ruwa daskarewa yake a famfo. Mu nan Diffa alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin idon nan nata, har ta koma tsintar shinkafa da kanta tana yi wa kowa faɗa. Maigidana Abdulƙadir yana butik, wato shagonsa, kasuwa ta ɗan motsa tunda aka fara shanyar tattasai. Duk inda ka bi a bakin kogin Komadugu ƙasa ta yi jawur, mutane sai atishawa. Karima ta ci jarrabawarta, ta ce in gode maka da jakar da ka aiko mata.

To, gaisuwa ta ƙare. Ka san ni da rubutu ba ma shiri. Na zauna na rubuta ne don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Da na ɗauko sai ka yi dariya ka ce Yaya ke nan da faɗa, kafin in dawo kan zancen rezo ya ɗauke, layin waya ya yanke. Takarda ba ta dariya, ba ta kuma yankewa, sai ka karanta ta har ƙasa. Raina a ɓace yake da kai, Muzammil, ɓacin da ban taɓa yi ba tun ina goya ka. Maganar maraton ce, gudun nan na dogon zango, kuma maganar Baba ce.

Bari in tuna maka abin da ka sani sarai amma ka yi kamar ka manta. Wannan gudu da kake aiko wa dokoki daga can, ba daga littafin kowa aka kwafo shi ba. Tun ba a haife ka ba gardama ta kaure a kasuwar tattasai tsakanin Baba da amininsa Maina, Allah ya jiƙansa. Maina ya ce mu mutanen Damagaram ba abin da muka iya sai zama gindin sikeli, ko kaza ba za mu iya kamawa ba. Baba ya ce a fita a gwada. Makiyayan da suka kawo dabbobi daga wajen N'Guelbély suka ji, suka ce in dai ƙafa ce su ne masu ita. Masunta ma suka ce ba za a yi ba su ba. Aka sa rana cikin sanyi, bayan an gama shanya, aka ce daga bakin kasuwa zuwa Gagamari a juyo. Ba lamba a ƙirji, ba takalmin gudu, wani da silifa, wani ƙafa ba komai. Baba ya zo na farko, aka ba shi kyautar buhun tattasai, kayan da shi kansa yake sayarwa. Har yau Inna na tsokanarsa da wannan buhu.

Abin da ya biyo baya shi ne gindin maganata. Ranar nan kowa ya watse da murna, aka manta Maina bai dawo ba. Sai bayan la'asar Baba ya ankara. Ya ɗauki ƙwaryar ruwa ya koma hanya, ya tarar da shi kwance gindin aduwa, ƙafa ta riƙe, leɓe ya bushe, ko sunan Baba ya kasa kira. Daga ranar suka kafa ƙa'ida guda tak: ganga ba ta yin shiru sai na ƙarshe ya shigo, kuma wanda ya zo na farko shi ke fita da ƙwaryar ruwa ya taro shi. Gudu ya girma, aka kafa komite, aka auna hanya ta cika tsawon maraton, aka koma tashi daga filin ƙwallo. Mata suka shigo, ƴan Mainé-Soroa suna cika motoci su zo. Kowace unguwa da aikinta, mu matan namu ruwa da kunu, masu tattasai kyaututtuka, matasa riƙe igiyar ƙarshen gudu. Komai ya sake ban da wannan ƙa'ida. Tsoho Yaro mai ganga, wanda sunan kawai ya rage masa na yarinta, ya sha bugawa har tafinsa ya fashe don ana jiran mutum ɗaya.

Shekarun tashin hankali an daina gudun, ka sani, lokacin kana karatu. Abin da ba ka gani da idonka ba shi ne shekarar da aka dawo. Mutanen da suka baro garuruwansu na bakin kogi suka zauna Gagamari, su suka yi layi gefen gudron, babban titin kwalta, tun da sassafe. Masu sauri suka wuce aka yi musu tafi, amma ba wanda ya koma rumfarsa. Suka tsaya cikin rana har na ƙarshe ya zo ya juya, shi aka fi yi wa guɗa. Maƙwabciyarmu Meram, wadda ita ma daga can ta fito da ƴaƴanta, ta ce mini su da suka yi gudu na gaske sun san abin da ake ji in ka waiga ka ga ba wanda ya tsaya maka. Na ƙarshen nan da suka jira, Babanka ne. A ƙuruciyarsa shi ke fita da ƙwarya, shekaru suka riƙa jan shi baya har ya zama shi ake tarowa. Bai taɓa jin kunyar haka ba. Yakan ce yana ba yara damar koyon ladabi.

Sai kai ka je ka yi gudu a manyan birane, ka dawo mana da ilimi ta waya. Riguna masu kyau, na yarda. Lambobi, da ɗan abin nan da ake ɗaura wa takalmi ya faɗi lokacin kowa, na yarda, Allah ya saka da alheri. Amma ka haɗa da dokar cewa ƙarfe sha ɗaya a rufe gudu, wanda bai iso ba ba a san da shi ba. Maikano shugaban komite kuwa, in ka ce masa rana daga yamma take fitowa zai ce haka ne, tunda ta hannunka masu ba da riguna suka zo. Ko Baba ba a gaya wa ba. An sanar a lasifika ana ta kiɗa, shi kuma kunnensa ka san yadda yake.

Ka ce mini bara komai ya tafi daidai, ka ga hotuna. Haba Muzammil! Hoton wa ka gani? Ni ina wurin. Lokaci na cika suka hau kwance rumfuna. Aka kwashe randunan ruwa daga hanya, aka buɗe gudron, kamiyo, manyan motocin kaya, suka dinga zuba. Tsoho Yaro ya ci gaba da bugawa, wani ɗan komite ya zo ya dafa masa ganga ya ce an tashi. Yaron da ya zo na farko, ɗan kirki ne, ya tambayi inda ƙwaryar take, suka tura shi mota suka ce ana jiransa otal za a ɗauki hoto. Ni da Meram muka rage a fili, sai awaki. Can muka hango Baba yana tafe a gefen hanya, motoci na yi masa oda, ƙura ta rufe masa gemu, yana dafe da ƙugu. Tun daga nesa yake karkata kai yana neman sautin ganga. Ya iso inda igiya take a da, ya tsaya yana waige-waige, ya tambaye ni ko wani abu ya faru a gari ne. Ruwan leda na miƙa masa, Muzammil. Mutumin da ya ƙirƙiro ƙwaryar, ruwan leda ya sha a tsaye.

Na so ya yi fushi. Wallahi na so ya ɗaga waya ya wanke ka tas, in samu sanyi a raina. Da ya ji dokar taka ce, sai kawai ya ce Muzammil ya ga duniya, ya fi mu sanin yadda ake yi. Ya hana kowa ya gaya maka, shi ya sa ka shekara kana jin daɗin hotuna. Ni ma na bi umarninsa, don na ɗauka ya haƙura da gudu ke nan, zai zauna a kujera bana a ba shi girmansa.

Ashe ban san Baba ba. Tunda sanyi ya shigo, da an sallame asuba sai ya ɗaura agogon nan da ka aiko masa ya fita. Atisaye yake yi. Dattijon da jikokinsa suka kusa aure, wai zai rage lokacinsa ya shiga cikin dokar ɗansa. Makon jiya masu lambu suka kawo shi gida a amalanke, ya faɗi wajen shanyar tattasai, gwiwa ta kumbura, wando ya yage. Likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau, zuciyar ma ba ta son wannan wahala, in tafiya ce a hankali yadda ya saba babu laifi, amma ya bar tseren agogo. Inna ta ɓoye takalman, ya fita da silifa. Abdulƙadir ya roƙe shi, limamin unguwa ya yi masa magana, duk a banza. Ni na yi kuka a gabansa, ya ce in share hawaye. Ka san abin da ya ce? Ya ce ba zai bari a nuna ka da baki a gari ba, a ce wanda ya kafa doka ubansa ne ya fara kasa cika ta. Don kada ka ji kunya yake neman kashe kansa, kai kuwa kana can kana aiko mana sabon zanen riga.

Na san amsarka, don ka sha faɗa mini. Ba a rufe babbar hanya yini guda, masu kaya na jira, masu tsaron hanya suna gajiya, haka ake yi a ko'ina. Na ji. Mu ba jahilai ba ne, mu ma da hanyar nan muke ci, tattasan Abdulƙadir ta nan yake fita. Wa ya ce a rufe ta yini guda? A buɗe gefe ɗaya, a bar mota ɗaya tana bin na baya a hankali, a bar randa a hanya, a bar Yaro da gangarsa. Shekara da shekaru haka ake yi, ba kamiyon da ya kwana a Diffa saboda tsoho ɗaya. Agogonka ya auna masu sauri, a ba su kyautarsu, ba wanda ya hana. Amma wa ya aike ka ka auna wanda ya fito don ya kai ƙarshe kawai? Na je wurin Maikano har gida, na faɗa masa duk wannan. Ya yi ta sosa ƙeya, ya ce shi ma abin ya tsaya masa a rai, amma ba ya so masu riguna su ce ba mu da tsari, sai dai in kai ka yi magana.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake yi ba, yayarka ce ke magana. Gudu saura ƴan makonni. Ka kira Maikano ka janye wannan doka, a sanar a rediyo kowa ya ji an dawo da ganga da ƙwarya. Bayan nan ka kira Baba da kanka. Kada ka ce masa don tausayinsa aka yi, ka san zai ƙi. Ka ce masa ka duba ka ga tsarinsu shi da Maina ya fi naka, don gaskiyar ke nan. Daga bakinka kawai zai yarda ya cire agogon nan ya koma tafiyarsa. In kuwa ka ga dokarka ta fi ƙarfin a taɓa ta, to ka sayi tikiti ka zo. Ka tsaya bakin igiya da kanka, in lokaci ya cika ka kwance ta da hannunka, ka jira shi a gefen hanya ka gaya masa ya makara. Ni ba zan sake tsayawa a filin nan in yi maka wannan aiki ba. Kuma in wani abu ya same shi a kan gudron yana tseren agogonka, Allah ya kiyaye, ban san da wane ido zan dube ka ba.

Kada faɗan nan ya sa ka ɗauka na daina sonka. Da ban damu da kai ba da na bar ka da hotunanka. Ka gaida Hasna da kyau, ka ce mata yajin da ta nema yana nan na daka, ina jiran mai zuwa. Ka shafa mini kan Mamman da ƙaramar Fati. Inna tana gaishe ku tana sa muku albarka. Abdulƙadir da Karima suna gaisuwa, Meram ma ta ce in gaishe ka, tsoho Yaro kuma ya ce a gaya maka ya sake wa ganga fata.

Baba bai san abin da na rubuta ba. Ya gan ni da takarda ya tambaya, na ce gaisuwa ce zuwa gare ka. Ya ce in gaishe ka ƙwarai, in ce maka yana ƙoƙari. Har na tashi sai ya kira ni, yana zaune da gwiwa a naɗe, ya ce in tambaye ka a hankali, yadda ba za ka ji haushi ba, ko agogon nan yana da ɗan sauri ne, don kullum sai ya riga shi isowa.

Ina jiran kiranka. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka,
Lauratu Magagi
Diffa