Ɗakin Injin Wuta na Alhaji Bilya

Ƙanƙara,
9 ga Janairu, 1978

Zuwa ga Malama Lidiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da majinyatanki na ɗakin shan magani na Sabuwa. Allah Ya sa kin rage zafin hannu wajen allura, don tun muna firamare na san ba ki da tausayi.

Na rubuto ne in yi godiya. Yayanki Alhaji Bilya ya neme ni kamar yadda kika ce masa, ya ba ni aikin zana sabon gidansa na Faskari. Kin san a ofis ba abin da nake zanawa sai kwalbati da bayan gidan makaranta, to ga shi yau na sami gida sukutum. Har na fara tafiya da ƙasaita.

Ni ba na ɗora fensir a takarda sai na san masu gida. Na yini a tsohon gidansa ina kallon inda Hajiya Suwaibatu ke girki, da inda yara ke taruwa, da inda baƙi ke tuɓe takalma. Alhaji ya gaji da tambayoyina, ya ce shi mai zane ya ɗauka, ba alƙali ba. Na ce masa ɗaki riga ne, sai an ga mai sawa ake yankawa.

Wuri ɗaya ne ya ba ni wahala, kuma shi na fi alfahari da shi: ɗakin injin wuta. Alhaji ya ce yana son sa can ƙuryar gida, kuma in mutum na zaune a falo kada ya ji ko ƙis. Na yi ta juya abin a kaina har na samo dabara. Bango biyu za a yi, a bar tsakani, a cika shi da dusar katako. Taga ƙarama can sama kusa da rufi don iska, ƙyauren ƙarfe mai sakata ta waje saboda yara. Da na nuna masa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce haka yake so.

Ki gaishe mini da Baba Ɗanhausa idan kin je Damari. Ban manta da zumar da yake ba mu ba.

Naki,
Abdulƙarim

Sabuwa,
2 ga Fabrairu, 1978

Malam Abdu mai fensir,

Na amsa gaisuwarka, ina fatan kai da uwargida Fatsuma kuna lafiya. Allurar da ka ce, ka zo ka gwada ka gani.

Na ji daɗin aikin nan ƙwarai, don ina da nawa dalilin. Ka san tun da Yaya ya musulunta ya bar sunan Ɗanjuma, tsakaninsa da Baba sai a hankali. Ni da na shiga Kirista Baba bai ce mini komai ba, shi ma bai ce masa ba, yana nan da tsamiyarsa da yankan da yake yi mata kafin shuka kamar yadda ya gada. Amma bara da Yaya ya dawo daga Makka, gida cike da manyan mutane, sai ga Baba da tulun giya a kai. Ya tsiyaya wa tayar sabuwar Fijo don sa albarka, yana kiran "Ɗanjuma na, Ɗanjuma na." Mutane suka yi ta ƙunshe dariya. Tun ranar Yaya bai sake taka Damari ba.

To, makon jiya sai ga shi da kansa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce yana gina masa ɗaki a sabon gida, ya huta da noma hakanan. Ka ga murna wurin tsohon nan! Duk wanda ya wuce sai ya tare shi ya ba shi labari. Ni ma hankalina ya ɗan kwanta, don mantuwa ta fara kama shi. Kwanaki ya tafi kasuwa ya kasa gane hanyar gida, sai Nata'ala ɗan ƙanensa ya gano shi a bakin rafi.

Shi ya sa nake roƙonka, ɗakin Baba ka yi masa ƙofa mai faɗi da dakali a waje. Ba ya iya zaman ɗaki, tun da nake ban taɓa ganinsa a ciki da rana ba sai in ba shi da lafiya. Wane ɓangare ka sa shi?

Ka gaida Fatsuma.

'Yar'uwarka,
Lidiya

Faskari,
20 ga Maris, 1978

Malam Abdulƙarim,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, gini ya kai linta. Akwai gyara a ɗakin inji. A fasa dandamalin da za a ɗora inji, a shafe ƙasan da siminti sumul. A yi rariya a kusurwa ta fita bayan gida. A yanka 'yar ƙofa a ƙasan ƙyaure wadda kwano zai wuce. Na riga na gaya wa birkila, kai dai ka gyara takardarka ta dace da ginin.

Ba sai ka zo ba.

Wassalam,
Alhaji Bilya

Ƙanƙara,
11 ga Afrilu, 1978

Lidiya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Tambayarki ce ta tsaya mini a wuya, don na duba zanena daga zaure har bayan gida, babu ɗakin Baba a ciki. Na ce wa kaina wataƙila cikin ɗakunan baƙi Alhaji zai ba shi ɗaya.

Sai ga wasiƙarsa da na haɗo miki da wannan. Ki karanta. Ya ce kada in zo, shi ya sa ran Asabar na hau mota na tafi.

An rufa gidan, ana shafe. Birkilan, wani mai barkwanci da ake kira Gide, yana ganina ya ja hannuna wai in zo in ga abin mamaki. Ya tura lebura ɗaya cikin ɗakin inji, ya ja ƙyaure ya sa sakata, ya ce masa ya yi ihu iya ƙarfinsa. Muka tsaya a tsakar gida. Lidiya, kukan kurciya nake ji a kan katanga, amma muryar mutumin nan babu. Da aka buɗe ya fito yana haki, ya ce har maƙogwaronsa ya yi zafi. Leburori suka yi ta tafa mini. Ba zan ɓoye miki ba, kaina ya kumbura.

Ina fitowa sai na ga injin wutar. Yana bakin ƙofar gida ƙarƙashin rumfar kwano, an ɗaure shi da ƙusoshi a kan dandamalinsa, har an ja waya. Na tambayi Gide yaushe za a kai shi ciki. Ya ce ai nan ne mazauninsa, tun ranar da aka sa harsashi Alhaji ya nuna wurin.

Na koma na tsaya cikin ɗakin ni kaɗai. Inji ba ya cin tuwo, balle a yanka masa ƙofar kwano. Inji ba ya fitsari. Na miƙa hannu, ban kai tagar ba, kuma na fi Baba tsawo.

Tsoro ya kama ni, har yanzu bai sake ni ba. Allah Ya sa zargina ƙarya ne, in zo in nemi gafarar Alhaji. Amma kafin nan, don Allah kada ki bari Baba ya shiga motar nan. Ki ɗauke shi ki kai Sabuwa wurinki, ki ce magani za ki yi masa, ki ce komai.

Na ba direban motar kasuwa wannan don ta fi gidan waya sauri.

Naki,
Abdulƙarim

Sabuwa,
6 ga Mayu, 1978

Malam Abdu,

Ina gaisuwa. Motar da ka ba wasiƙa ta karye a hanya, direban ya manta da ita cikin aljihu, sai shekaranjiya ta iso hannuna. Baba ya riga ya tafi.

Nata'ala ya ce da hantsi Fijo ta zo. Baba ya sa rigarsa ta saƙi, ya raba wa jikoki kajinsa, ya je ya yi sallama da tsamiya. Wai a gaba ya zauna, yana ɗaga wa mutane hannu.

Jiya na je Faskari. Gidanka ya yi kyau, ba zan hana ka ba. Yaya ya karɓe ni a falo, fanka na juyawa, aka kawo mini lemo. Na ce Baba na zo gani. Ya ce yana barci. Na ce zan jira. Sai ya ajiye carbi ya ce, "Lidiya, ke ma'aikaciyar asibiti ce, kin san halin da yake ciki. Kwanansa biyu a nan ya fita titi ba wando, yana tambayar mutane hanyar Damari. So kike mota ta take shi? Yana ci, yana sha, ba abin da ya rasa."

Na ce to a ba ni shi in tafi da shi. Ya ce ɗa namiji na raye ba za a ce uba na gidan 'ya mace ba, kuma bana yana da manyan baƙi da yawa, ba ya son surutu. Na ɗaga murya, ya kira direba ya mai da ni tasha.

Suwaibatu ta biyo ni zaure tana hawaye. Ta ce Baba na ɗakin inji, an sa wa ƙyauren kwaɗo, ita ke tura kwano safe da yamma, makulli kuwa yana aljihun Alhaji ko Kaduna za shi. Ta ce da farko in ta durƙusa tana jin Baba yana waƙar noma, yanzu ya bari, kuma tuwon yana dawowa da saura.

Ni na kai ka wurin Yaya, don haka ba na ganin laifinka fiye da nawa. Amma kai ka san ɗakin nan. Suwaibatu ta ce ƙyauren ko gatari ba zai yi masa komai ba. Ka gaya mini ta ina.

Lidiya

Ƙanƙara,
10 ga Mayu, 1978

Lidiya,

Ina gaisuwa, ina kuma jin kunyar gaishe ki. Wannan karon ƙanen Fatsuma na aiko a babur, hannu da hannu.

Akwai wuri ɗaya. Duk mai zana ɗakin inji dole ya bar hanyar bututun hayaƙi. A bangon arewa, wanda ke kallon gonar bayan gida, na bar gurbi daidai gwiwar mutum, faɗinsa zai wuce kafaɗa. Da aka fasa sa inji, Gide bai cike shi da bulo ba, farin katako ya sa ciki da waje ya shafe da siminti. Na tambaye shi da kaina, ya rantse. Ki ƙwanƙwasa bangon daga kusurwar rariya zuwa gabas, inda kika ji ya yi amo kamar ƙwarya, nan ne. Taɓarya ta isa.

Alhaji zai tafi Kaduna ran Laraba mai zuwa wajen taron 'yan kwangila. Ki zo da Nata'ala, ku shigo ta gona da rana tsaka lokacin da maigadi ke cin abinci. Ku kawo Baba Ƙanƙara, ɗakina na zaure yana da ƙofa biyu, kuma Fatsuma ta riga ta share shi. In Alhaji zai yi ƙara, ya yi da ni.

Tun da na dawo daga Faskari ban iya jan layi ɗaya ba. Allah Ya ba ku sa'a.

Abdulƙarim

Sabuwa,
19 ga Mayu, 1978

Malam Abdu,

Gaisuwa. Ka ce wa Fatsuma na gode, ta mai da kayanta ɗakin.

Wurin yana inda ka ce. Nata'ala ya fasa, na zura kai. Baba na zaune a kan tabarma, ya rame, ya kare ido da hannu saboda haske. Ya gane ni sarai. Na ce ya taso mu tafi.

Ya ce, "Ɗiyata, mi kika yi haka? Ɗanjuma ya gina mani ɗaki da siminti, duk Damari an sani. In hita ta rami kamar ɓarawo, a ce mi da shi cikin mutane?"

Na yi roƙo, na yi kuka, Nata'ala ya kama hannunsa, Baba ya fizge. Ya ce mu toshe kafin yaron ya dawo ya gani, ransa zai ɓaci.

Da hannuna na kwaɓa laka na toshe. Na bar 'yar kafa daga ƙasa inda ciyawa ta rufe, bai hana ni ba.

Hadari ya fara haɗuwa a nan. Ka gaya mini, laka tana riƙe jikin siminti in ruwa ya sauka, ko akwai abin da zan haɗa da ita?

Ka huta lafiya.

Lidiya