Layin Bankin Kawu Zarami

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Farfesa Ɗayyabu, mai duba aikina, ya sake kira daga Kano. Ko in miƙa babin bincikena kafin ƙarshen zango, ko jami'a ta soke digirina na uku. Koyarwa a Kazaure da safe, rubutu da yamma, ga zafi. Na gaji.

Abin da nake nema: me ke sa jama'a su ruga su kwashe ajiyarsu har lafiyayyen banki ya durƙushe. Kawu Zarami, ƙanin Inna, manaja ne a wani ƙaramin bankin al'umma a Babura. Ya yarda in zanta da masu ajiyarsa. Har fura ya sa aka damo min.

Alhamis, 8 ga Mayu

Kasuwar hatsi. Na yi ta yin tambayar da Farfesa ya nace a kai: "Da za ki ji bankin nan zai rushe, me za ki yi?"

Hajiya Saude mai gero ta ajiye kwanon awo. "Malama Zulaikha, ba ke ce 'yar yayar manaja ba? Wani abu kika jiyo a gida?"

Na ce misali ne kawai. Ta ce to. Wannan "to" ɗin bai kwanta min ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Layi daga ƙofar bankin har bakin titi. Wasu daga Roni, wasu daga Gwiwa, a kan babura. Wanda ya karɓa sai ya wuce wajen 'yan canji ya mayar sefa.

Ni ce sila. A littattafan da na karanta baƙo ne ke yin tambayar, a amsa a manta. Ni kuwa 'yar gida ce. Wa zai yarda 'yar gida ta tambayi haka ba ta hango komai ba? Duk karatuna ban yi wannan tunanin ba, wawiya.

Bankin lafiyarsa ƙalau, na duba da idona. Kuɗin na hannun manoma, bashin taki da iri, sai kaka za su dawo. Ba bankin da zai iya sallamar kowa rana ɗaya.

Talata, 13 ga Mayu

Na koma kasuwa in gyara. Na yi bayani, na rantse. Ina juya baya na ji wata na cewa, "In ba komai, me ya kawo rantsuwa?"

Farfesa kuwa da na gaya masa a waya, sai murna. "Ai wannan kyautar Allah ce! Ki tsaya a layin, ki rubuta komai." Saura kaɗan in maka wayar da ƙasa. Amma na rubuta. Abin takaicin, babin yana kyau.

Kawu bai kira ba. Da ma ya zage ni.

Laraba, 14 ga Mayu

Inna ta same ni a tsakar gida. Kuɗin gonar da ta sayar don Hajji suna bankin.

"Ke da kika yi karatun, in cire ko in bari?"

In kowa ya bari, ba abin da zai faru. In kowa zai cire, na ƙarshe ne zai yi kuka. Dukansu gaskiya ne, shekaruna ke nan ina koya wa ɗalibai. In aka ga yayar manaja a layi kuma, an gama.

Na ce ta bari.

Alhamis, 15 ga Mayu

Rakiya kawai na yi. Inna ba ta jure hanya ita kaɗai, shi ya sa. To, ni na tashe ta, ni na tare mota, amma...

Muna shiga layi aka fara waiwaye. Hajiya Saude ta ɗauko waya.

Sai ga Kawu ya fito da kujerar ofishinsa a hannu. Ya rame. Ya ajiye ta a inuwa, ya rusuna. "Yaya, zauna, layin da tsawo."

Sannan ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. "Malama, wannan ma ki rubuta."

Ban ce wa Inna mu tafi ba. Da na gabanmu ya matsa, na ja kujerar gaba.