Minti Bakwai a Agogon Baba

Litinin, 3 ga Oktoba 2022
Sauko da agogon masallaci bayan asuba.

An sauko da shi. Kawu Manzo ya riƙe min tsani. Wurin da ya bari a bango ya fito kore shar, ashe fentin farko na masallacin ke nan, na manta ma ya taɓa zama kore.

Shekara biyu ke nan yana tsaye a ƙarfe huɗu saura goma. Yanzu Alhaji Na-Allah mai albasa ya sayo na kuran, wato na wutar lantarki, mai jajayen lambobi, dattawa kuma sun yarda a rataye shi a ƙusar tsohon. Na roƙi arziki a gabansu. Sun ba ni zuwa Jumma'a 28 ga wata. In ya yi tafiya daidai ya koma mazauninsa, in bai yi ba a kai shi ɗakin ajiya wajen tsoffin tabarmi.

Ban san abin da ya sa na buɗe baki ba. Ni injin buga takardu nake gyarawa a ofisoshin bakin duwan, wajen 'yan kwastan, ban taɓa buɗe agogo ba. Amma Baba ya yi shekara talatin yana ladanci a ƙarƙashin wannan agogo kafin Kawu ya gaje shi.

Talata, 4 ga Oktoba
Na buɗe bayansa a shago. Naɗaɗɗen ƙarfen da ke ba shi ƙarfi ya karye gida biyu, faifai guda haƙoransa sun cinye. Babu mai irinsu, na tambaya har Gaya. Amma fayafayan da ke haɗa dogon hannu da gajere lafiyarsu lau. Ke nan in na samu abin da zai juya dogon hannu sau ɗaya a awa, gajeren zai bi da kansa.

Cikinsa yana warin man keke da turare. Warin rigar Baba ta Jumma'a. Na rufe na yi wani aiki.

Alhamis, 6 ga Oktoba
Na yi wa Yacouba waya. Tare muka yi kwaleji, shi ne na ɗaya a lissafi kullum, yanzu yana koyar da aikin lantarki a Parakou. Ya ce in nemi ɗan injin da ke kaɗa fukafukan kilima, na'urar sanyaya ɗaki, irin wanda ba ya juyawa ɗungurungum sai taku-taku, duk lokacin da aka ba shi umarni ya yi taku ɗaya ya tsaya. Zai aiko min da Arduino, allon nan ƙarami da ake rubuta wa umarni, da guntun da ke ƙara wa injin ƙarfi, da wani mai ƙirga daƙiƙu. Ya ce abin wasa ne, ɗalibansa na yi a rana ɗaya.

Ɗalibansa.

Asabar, 8 ga Oktoba
Na samu injin guda biyu a matattun kilimomi wajen masu tsohon ƙarfe. Girman bakin kofin shayi. Waya biyar: ja, ruwan lemo, rawaya, ruwan hoda, shuɗi.

Litinin, 10 ga Oktoba
Kayan sun iso a motar safe.

Na auna wayoyin. Jar ita ce uwa, kuran yana shiga ta nan, sauran huɗun kowace da naɗinta a ciki. Ana kunna su bi da bi, sai injin ya taka. Na rubuta awon a littafi, na sake aunawa, na sake.

Da na haɗa, fitilu huɗu na guntun suka riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya, gwanin kyau, amma injin sai kyarma yake a tafin hannuna kamar ɗan tsako, bai gusa ba. Awa biyu ina zargin na ƙona shi. Ashe wayoyi biyu na tsakiya na sauya wa wuri. Da na gyara ya fara juyawa a hankali, ba sauti. Na manna masa tsinken tsintsiya ina kallo har matata Nafisatu ta aiko a ce tuwo ya huce.

Laraba, 12 ga Oktoba
Yacouba ya turo takardar injin ta waya. Taku 4096 ke cika zagaye guda. Ke nan taku 4096 a awa, kowane taku bai kai daƙiƙa ba. Na yi rabon sau uku a takarda, sau ɗaya a waya.

Tun da na fara lissafin nake jin muryar malaminmu na aji huɗu, Mushe Latifu kamar yadda muke ce masa da Faransanci, da jan bironsa a gefen takardata: a sake. Ban taɓa samun takarda daga hannunsa babu wannan kalmar ba. Allah ya jiƙansa, ba mugu ba ne. Yakan ce ina da haƙuri amma ba ni da kai.

Jumma'a, 14 ga Oktoba
Na haɗa injin da sandar dogon hannu da guntun bututun biro da gam. Na sa batirin babur a ƙasan akwatin saboda ɗaukewar kuran. Ƙarfe goma sha biyu daidai na sake shi.

Yana tafiya. Agogon Baba yana tafiya.

Ina yaro, ranar Jumma'a irin wannan, Baba yakan ɗora ni a kafaɗa in buɗe gilashin, shi ya murɗa. Sau goma sha huɗu, ina ƙirgawa da ƙarfi. Daga nan mu bi ta bakin kogi ya saya min soyayyen kifi wajen matan garin Garou, ya ce kada in gaya wa Inna don kada ta ce na ƙoshi.

Asabar, 15 ga Oktoba
Ƙarfe goma sha biyu a waya. Sha biyu da minti bakwai a agogo.

Lahadi, 16 ga Oktoba
Minti goma sha huɗu.

Litinin, 17 ga Oktoba
Ashirin da ɗaya. Bakwai kowace rana, ba ƙari ba ragi. Da wani abu ne ke zamewa da baya zai yi, ba gaba ba. Ke nan ni ne. Wani wuri na yi kuskure a rabo ko a umarnin.

Na sake rubuta umarnin daga farko. Na gwada mai ƙirga daƙiƙun da rediyo, daidai yake. Na sauya batir. Na yi wa Yacouba waya, ya ce takarda ba ta ƙarya, in duba lissafina, ya yi dariya ya ce ko in turo masa ya sa wani ɗalibi ya duba. Na ce to. Ban tura ba.

Laraba, 19 ga Oktoba
Na sake saita shi jiya da rana. Yau bakwai.

Na ɓata aikin wani ofis, na mayar da injinsu ba tare da na sa abin jan takarda ba. Sai da na koma. Nafisatu ta ce tun da agogon nan ya shigo rayuwarmu ko gishiri ta manta ba na ji. Ta ce in mayar wa dattawa abinsu in ce na gwada, ba wanda zai zage ni. Gaskiya ne. Ba zagin nake tsoro ba. Ɗakin ajiyar nan na sani, gara ta cinye allunan da ke ciki.

Jumma'a, 21 ga Oktoba
Kawu Manzo ya biyo ta shago bayan an sauko daga masallaci. Ya zauna a kan buhun tsoffin injuna, ya leƙa cikin akwatin, ya daɗe yana kallon fitilun.

"Sabiru ɗan Zeinabu, wanga ɗan abu shi ka jan agogon tsohonka?"

Na ce shi ne, amma yana gaba da minti bakwai kullum, kuma na kasa gano inda na yi kuskure. Na ce Baba ya riƙe shi shekara talatin bai taɓa saɓa lokaci ba, ni ko mako guda na kasa.

Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce wa ya gaya min? Ya ce tun ranar da aka kawo agogon daga Dosso baya yake yi, wata rana minti biyar, da damina har goma. Baba inuwar ginshiƙin ƙofa yake dubawa. In ta kai wani tsagi a daɓe, sai ya shiga ya tura dogon hannu da yatsa kafin mutane su zo, sannan ya fito ya kira azahar.

"Kullum ta Allah. Mu munka sani, ku yara kuna ganin agogo na da gaskiya."

Na ce ban taɓa gani ba. Ya ce ai lokacin ina lakkol, makarantar boko.

Bayan ya tafi na duba dogon hannun da kyau. Kusa da tsininsa baƙin fentin ya goge, tagulla ta fito, daidai faɗin yatsa. Na gan shi tun ranar farko, na ɗauka tsufa ne.

Ban san ko daɗi na ji ko haushi ba.

Asabar, 22 ga Oktoba
Ban taɓa komai ba. Na je Toumboutou gaisuwar rasuwa. A hanya, kan babur, abu ɗaya ke ta dawo min: shekara talatin ina ganin agogon daidai ne don ban taɓa kama shi ana gyara shi ba. Lambar nan 4096 ma ban taɓa ƙirga ta ba. Karɓa na yi.

Lahadi, 23 ga Oktoba
Na ɓalle murfin injin na biyu. A ciki akwai ƙananan fayafayai na roba masu haƙora, su ke rage gudu. Na shimfiɗa farin ƙyalle a bakin ƙofa inda haske yake, na ɗauko gilashin ƙara girma da allura, na ɗiga jan biro a haƙorin farko na kowane faifai.

9 yana jan 32. 11 yana jan 22. 9 yana jan 26. 10 yana jan 31.

Takarda ta ce ragin gudun sau 64 ne cif. Nawa lissafin ya ba da 63 da ɗigo 68. Taku 64 ke juya faifan farko sau ɗaya, ke nan zagaye guda taku 4076 ne, har da ɗan ragi, ba 4096 ba. Ina ba shi taku ashirin na banza kowace awa. Ashirin sau ashirin da huɗu, 480 a rana. Na mayar da su minti.

Bakwai.

Allurar, ta Nafisatu ce, ta faɗi ban same ta ba har yanzu. Wanda ya rubuta takardar ya cike lambar ne don ta yi kyau. Don kaɗa fukafukan kilima wa zai damu.

Litinin, 24 ga Oktoba
Na sa 4076, na kuma sa ya riƙa tsallake taku ɗaya duk bayan awa huɗu da ɗan wani abu saboda ragin. Na sake shi ƙarfe goma sha biyu.

Talata, 25 ga Oktoba
Daidai.

Alhamis, 27 ga Oktoba
Kwana uku, daidai. Na goge gilashin da toka da tsumma. Nafisatu ta kawo baƙin fenti ta ce in shafe wurin da ya goge a hannun, zai fi kyau. Na ce a bar shi.

Jumma'a, 28 ga Oktoba
An rataye shi da hantsi. Dattawa biyar da wayoyi uku, kowa yana duba tasa yana ɗaga kai. Alhaji Na-Allah ya ce shi bai ƙi ba, amma ya ji an ce abin gudu yake, wa ya san ba zai koma ba bayan mun watse? Ya ce lokacin salla ba abin gwaji ba ne. Yana da gaskiya, kuma da ladabi ya faɗa.

Na ji bakina yana magana. Na ce gudun da ya yi daga takardar masu injin ne, na buɗe na ƙirga haƙoran da hannuna, na san inda minti bakwai ɗin suka fito kuma na san sun tafi. Na ce in ya saɓa da minti ɗaya kafin watan gobe ni zan sauko da shi da kaina.

Kawu ya ce, "Kun ji. A ba shi ƙusarshi."

Na Alhaji an kafa masa sabuwar ƙusa a bangon mata, ya ce dama can ya fi amfani, su ba sa ganin na gaba. Aka yi addu'a aka tashi. Da lokacin azahar ya yi na lura Kawu bai dubi ko ɗaya ba, ƙofa ya fita ya dubi ƙasa.

Da la'asar Yacouba ya kira. Na karanta masa lambobin. Ya ce anya, haƙoran nan ƙanana ne, mutum na iya tsallake ɗaya, in sake ƙirgawa in turo masa hoto. Na ce ya buɗe nasa ya ƙirga. Sai ya ce to, Sabiru, zai buɗe.

Fayafayan suna nan cikin gwangwanin madara a kan tebur. Ban sake ƙirgawa ba. Rashin lokaci ne dai, ina ji.

Gobe:
- duba ruwan batirin agogo, a nuna wa Kawu inda ake cire waya
- injin ofishin da ke bayan tasha, yana cin takarda
- mayar wa maƙwabci tsaninsa
- neman allurar Nafisatu
- tambayi Kawu wane tsagi ne a daɓen