Jegon Chékaraou

Manshiya, Sabha
Kwana goma da haihuwa

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Yaya Ramlatou da yaranta da duk mutanen Matameye. Yaya gwiwar taki? Tunda kin ce a saƙon murya ina sauri kamar ana kora ta, ga shi na rubuta a takarda na ɗauki hoto, Yaya ta karanta miki daga wayarta a tsanake.

An yi suna lafiya, yaro ya ci sunan Kamilou. Angon naki aikinsa uku ne: tsotso, kuka, ɓata zane. Hancin ubansa ya kwaso gaba ɗaya, Allah ya ba shi haƙuri.

Kin tambayi wanka. Inna, kin san nan ba ni da babba. Mutanenmu na unguwar nan duk maza ne, magina da leburorin gona. Sai mijina Chékaraou ya buga ƙirji ya ce shi zai tsaya mini. Mutumin da tun tasowarsa ba abin da ya taɓa wankewa sai injin mota! Ya ɗauko tano, gangar man nan ta ƙarfe, daga garejinsu, ya rantse sau uku ya wanke shi, ya hau da shi saman bene ya tafasa ruwa. Ranar farko na fito ina warin gazuwal, Kamilou ya ƙi kama nono sai da na sake ɗauraye jiki.

Sai maganar ganye. Garin nan ko itacen darbejiya ɗaya ban gani ba. Chékaraou ya tafi gonar da abokinsa yake aiki a Wadi Bawanis, ya dawo yana murmushi da ganyen dabino. Na ce, “Da wannan zan fyaɗa wa jikina ruwa?” Ya ce, “Ganye ai ganye ne.” Fyaɗa ɗaya na yi, ƙaya ta shaida mini ba haka ba ne. Washegari ya canza, ya kawo dami guda na na'ana'a. Yanzu kullum in na gama wanka gidan ƙamshin shayi yake. Tsohuwar Balarabiyar da ke ƙasanmu har ta hawo da kofinta. Da ta gane abin da ake yi ta riƙe baki, ta leƙa tanon, ta dube ni, ta ce wai a wannan zafin wa ya yanke mini hukunci. Tun ranar take aiko mini da tuwonsu asida da hulba.

Ƙauri ma an yi. Bai samu ƙafar saniya ba, ya sayo ta raƙumi. Ba ta shiga tukunya ba sai da ya kai ta gareji aka yanka da zarto. Yau kwananta biyu a wuta, har yanzu tana nan da ranta.

Kanwar da kika aiko ta hannun direba Abdoulkadri tun kafin in haihu tana nan, ina dama kunu safe da yamma. Sai dai kaina yana ɗan sarawa, kuma takalmina ya matse ni.

Wallahi Inna ina kewarki. Da kina nan da ban san warin gazuwal ba.

Taki,
Zouhoura

*

Matameye
Da hannun Ramlatou

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ji takardarki, na sa an maimaita mini sau biyu, na biyun ma bai fi na farkon daɗin ji ba. Ina gaida angona, ki ce masa cefane nake jira. Ina gaida mijinki, Allah ya saka masa, amma ki ce na ce ya tsaya a kan motocinsa.

Na'ana'a! Ni Maïmouna na haifi 'ya ana dafa ta kamar shayi. In maƙwabta suka ji, ina zan sa kaina? Ramlatou, bar dariya ki rubuta.

Ki saurare ni da kyau. Mai jego jikinta ɗanye ne, sanyi yake nema. Ba ruwan sanyi da zafin gari, ko cikin wuta kike zai same ki. Ciwon kan nan shi ne ya fara ƙwanƙwasa ƙofa. Ruwa ya tafasa sosai, ki yi wanka har sai kin ji jiri. Kunu kuwa kanwa ta ji, ba ɗan barbaɗe ba, ƙwarya cike, har kwana arba'in. Na san halinki, tun kina ƙarama kike zuba wa kaji magani. Saboda haka kullum ki aiko hoton ƙwarya cike, ki aiko hotonta babu komai. Kuma ki rantse mini kunun nan ciki yake shiga, ba rariya ba.

Kuɗin mota ba su ne suka hana ni zuwa ba, gwiwa ce da wannan hamada. Tunda ban zo ba, ki bar kanwata ta yi aikin da hannuna zai yi.

Allah ya raya, ya ba ki lafiya.

Innarki

Ƙari daga ni Ramlatou: Zouhoura, don Allah ki riƙa turo hoton da wuri. Tun sallar asuba take zaune bakin ɗakina tana tambaya ko ƙwarya ta iso.

*

Manshiya, Sabha
Kwana ashirin da uku

Yaya Ramlatou,

Gaisuwa mai yawa. Wannan taki ce ke kaɗai. In Inna ta tambaya ki ce hoton Kamilou ne bai buɗe ba.

Yaya, na ga abu. Bayan takardar Inna na dage, ruwa yana tafasa ina watsawa, kunu ina ɗurawa. Cikin mako guda ƙafafuna suka zama kamar turmi. In na danna da yatsa sai rami ya zauna. Matakalar benenmu goma sha huɗu ce, sai na huta sau uku. Ranar Talata na sunkuya zan ɗauki Kamilou numfashina ya tsaya, na zauna a ƙasa ina kallonsa yana kuka na kasa miƙa hannu. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Chékaraou ya kwashe ni sai asibiti. Likitar mace ce, 'yar Sudan. Ta auna tansiyon jinina, ta sake aunawa, ta ce me nake ci. Muka nuna mata kanwa. Ta lasa, ta tofar, ta fara faɗa da Larabci har ni da ba na ji sosai na gane. Ta ce jinina ya hau, ruwa ya taru a jikina, zuciyata tana wahala. Ba kanwa, ba gishiri mai yawa, wanka da ruwa mai ɗumi kawai. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in dawo duk mako, in kuma numfashi ya sake yi mini haka kada in jira gari ya waye.

To ga rantsuwar Inna. Muna dawowa na zauna gaban ƙwarya ina hawaye. Chékaraou ya ce, “Me Inna ta ce ki rantse?” Na ce, “Kunu ya shiga ciki.” Ya ce, “Ta faɗi cikin wa?” Ya yi bisimilla ya kafa kai.

Yau kwanansa shida. Ni nake ɗaukar hoto, shi yake shanyewa. Kwana biyun farko ya fi zama a bayi fiye da gareji. Yanzu kuma kumatu ya yi, yana ƙyalli. Rannan ya tashi daga barcin rana ya ce mini, “Zouhoura, ba a dama ba ne?” Har ƙafar raƙumin shi ya ƙarasa ta. Abokan aikinsa sun gano, da ya shiga sai su ce, “Sannu mai jego, ya ƙarfin jiki?”

Ni kam sauƙi ya fara samuwa, kai ya daina sarawa, ƙafa ce ba ta gama saɓewa ba. Amma raina ba daɗi. Ban taɓa ɓoye wa Inna abu ba, kuma in ta ji na bar kanwarta za ta ce ita na bari.

Ki rufa mini asiri.

Ƙanwarki,
Zouhoura

*

Matameye
Da hannun Ramlatou

Auta,

Ina gaishe ku duka. Allah ya yi miki albarka, ƙwarya tana zuwa tas kamar an lashe. Na nuna wa matan unguwa, na ce ku ga 'yar da ke Libiya ta fi na gida jin magana.

Amma ni ba yarinya ba ce. Hoton jiya ƙafarki ta fito a gefen ƙwarya. Na sa Ramlatou ta buɗa shi da yatsa, tana ta noƙewa, sai da na daka mata tsawa. Kumburi ne. Sanyi ya riga ya shiga, ƙwarya ɗaya ba ta isa ba. Daga yau biyu da safe, biyu da yamma, a ninka kanwa. Na ba Abdoulkadri wani ƙullin, yana hanya.

Na kuma ga mijinki a hoton da yake riƙe da angona. Wannan kumatu fa? Ke kina kumbura, shi yana ƙiba. Ki ce masa ya ji tsoron Allah ya bar cinye abincin mai jego.

Innarki

Ƙari daga Ramlatou: Ban faɗi komai ba. Amma ƙwarya huɗu, Zouhoura. Ku duba lamarin bawan Allah nan.

*

Manshiya, Sabha
Kwana ashirin da tara

Zuwa ga Inna, cikin ladabi da girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan durƙusawa da gaisuwa, da tambayar lafiyarku da ta gwiwa, ni ne ɗanku Chékaraou. Ban taɓa rubuta muku takarda ba, ko ido ban taɓa haɗawa da ku ba. Larura ce ta sa, ku gafarce ni.

Inna, ƙwarya huɗu ta fi ƙarfina.

Ni ne nake shan kunun. Yau kwana goma sha biyu. Jiya na gwada umarninku, na sha biyu da safe, na shiga ƙarƙashin wata Toyota, ban fito ba sai da aka jawo ni ta ƙafa ana yi mini fifita. Mai gareji ya ce in zaɓa, ko aiki ko jego.

Ba raini ba ne. Ranar da na kai 'yarku asibiti leɓenta ya canza launi, tana jan numfashi kamar wadda ta yi gudu, alhali daga ɗaki zuwa mota kawai ta taka. In ta kwanta sai ta tashi zaune, wai ƙirjinta ya cika. Likita ta ce kanwar nan da ruwan da nake tafasawa suna ƙara mata ciwon, da mun ƙara mako guda da Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Da hannuna nake hura wutar, Inna. Wannan bai bar zuciyata ba har yau.

Tun da ta bari take samun sauƙi. Yau ta hau bene ba ta huta ba, takalminta ya shiga. Abin da ya rage mata kuka ne, kullum ta ɗauki hoton ƙwarya sai ta yi, wai tana yaudarar mahaifiyarta. Ba ta san na rubuto ba. In akwai fushi, a kaina ya kamata ya sauka, dabarar tawa ce.

Ku kuka ba ni ita da lafiyarta, haka nake so in dawo muku da ita.

Na barku lafiya.

Ɗanku,
Chékaraou

*

Matameye
Da hannun Ramlatou

Auta,

Na ji takardar mijinki. Ban sa an maimaita ba.

Zan faɗa miki abin da ko Ramlatou sai yanzu take ji. Lokacin jegonki ban sha kunun kanwa ba, ko sau ɗaya, amai yake sa ni. Marigayi babanku ne ya shanye, kwana arba'in cif, a bayan rumbu. Tumbin nan da kuka san shi da shi, daga nan ya samo asali. Shekara ashirin da biyar ina ganin ciwon gwiwata hukuncin wannan ne, shi ya sa na matsa miki.

Ƙanwata Rakiatou kuwa, wadda ba ki sani ba, ba ta taɓa tsallake ƙwarya ba. Ƙafarta ta kumbura, ta kasa kwanciya sai a zaune, muka ce sanyi ne, muka ƙara kanwa. Ni nake dama mata. Ba ta kai arba'in ba. Sai yau da aka karanta mini maganar ƙirjinki na gan ta a gabana.

Ki sha ƙwayar likita, ki koma duk ranar da ta ce. Ƙullin da ke hanya ku ba raƙuma. Na yafe rantsuwa, ke ma ki yafe mini. Kada ki sake turo hoton ƙwarya. Ƙafarki nake so in gani, kowace safiya.

Shi kuma mai jego a bar shi ya huta, a dama masa na gero zalla. In ya yi arba'in ya zo gida, zane na nan na ajiye masa.

Innarki