Abin da Kaka Maiguwa Ta Hana a Rubuta

Ƙasar Sin, 3 ga Maris

Ƙanwata Rahila,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inna? Ina Kaka Maiguwa da ƙafarta?

Malaminmu na jami'a ya kai mu wani tsohon ɗakin bautar Nuwa, wadda mutanen nan na dā suka ce ita ta gina 'yan Adam da yumɓu. Wai da hannu ta fara, ɗaya bayan ɗaya. Da ta gaji sai ta tsoma igiya cikin laka ta yarfa, kowane ɗigo ya tashi mutum. Malamin ya ce kowannenmu ya kawo irin wannan labarin na ƙasarsu. Na tuna Kaka na da labarin farkon duniya da ta gada wurin iyayenta tun kafin su musulunta. Ki zauna da ita ki rubuto mini kafin ƙarshen wata.

Yayanki,
Imrana

Babankatami, 19 ga Maris

Yaya Imrana,

Muna amsawa. Ƙafar Kaka sai haƙuri.

Na karanta mata takardarka. Ta ci gaba da ɓarar gujiya.

Ka manta shekarar da ka dawo hutu daga lakkwal, makarantarku ta Madawa? Tana ba mu wannan labarin a tsakar gida, ka tashe mu, ka kira ta arniya gaban jikokinta, ka fasa tukunyar da uwarta ta bar mata. Shekara tara ke nan ba ta ƙara yi wa yaro ko tatsuniya ba. Yanzu da ka ga na Sinawa cikin gini mai fenti, ya zama ilimi?

Allah ya ba da sa'ar karatu.
Rahila

Ƙasar Sin, 2 ga Afrilu

Rahila,

Ina gaisuwa. Ƙuruciya ce, kin sani. Ki ce mata ta yafe mini, in na dawo zan durƙusa da kaina. Malamin ya ƙara mini kwana goma. Ko rabi ne ki samo.

Na bar ki lafiya,
Imrana

Babankatami, 20 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa, mun kai Kaka makwancinta ran Alhamis, sai haƙuri.

Ta yafe maka. Labarin kuma ta ba ni shi duka, kwana biyu kafin ta cika. Na ɗauko biro, ta riƙe mini hannu, ta ce, "Mai so ya zo ya zauna ƙasa ya ji."

Ka san hanyar gida.

Ƙanwarka,
Rahila