Yarinya ta Farko a Binciken Babanta

Zuwa ga maigidana, Baban Kurciya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, sanyin ƙasar mutane bai hana ka karatu ba. Mu nan lafiya lau. Mama tana gaishe ka, ƙafarta da sauƙi. Kurciya ta fara rarrafe, ba abin da take so kamar maɓallan da ke faɗowa daga teburin ɗinkina. Tun daga bakin ƙofa take hango su, sai mun yi tsere kafin ta kai baki.

Na koma rubutu ne don a waya kullum kana shirin shiga taro. Maganar allurar ƙyanda ce. Yarinyar nan ta wuce wata tara tuni. Ban manta abin da ka ce ba, kada in kai ta asibitin unguwa, in jira a buɗe bincikenku a ɗebi jininta kafin allura, don yaron da aka riga aka yi wa ba ya shiga. Ka ce kana so 'yarka ta zama ta farko da za a yi wa a gaban jama'a, masu cewa kuna gwaji da 'ya'yan talakawa su ji kunya. Ranar har alfahari na yi da kai. To amma kwamitin da zai ba ku izini har yau bai zauna ba. Kada dai mu yi jiran gawon shanu. Malamar asibiti ta tare ni a hanya, ta ce ashe matar likita guda ma sai an biyo ta gida. Na yi yaƙe na ce muna da namu tsarin.

An ce ƙyanda ta ɓulla a layin bayan makaranta. Don Allah ka bar ni in kai ta, ka nemi wata ta farkon.

Matarka mai kewarka,
Maman Kurciya

Baban Kurciya,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Mu kam ba lafiya ba. Daga asibiti nake rubuto maka, a kan gwiwata.

Na bi umarninka tsaf. Ka ce saura kaɗan izinin ya fito, in dai ina shayar da ita kuma ban fita da ita ba, ba abin da zai same ta. Ban fita da ita ba. Sai dai ka manta matarka tela ce, mata da goyonsu suke shigowa awo, ba zan tsaya bakin ƙofa ina leƙa bayan kunnen 'ya'yan mutane ina neman ƙuraje ba. Zazzaɓi ya fara, sai tari, sai idanun suka yi jajur suna ruwa, sannan ƙuraje suka feso daga goshi har tafin ƙafa. Yanzu ko buɗe idon ba ta yi, haske ma kuka yake sa ta.

Ɗakin cike yake da yara, wani gadon har biyu-biyu. Gadonmu yana jikin bango, bayan bangon kuma firjin rigakafin ne. Ina jin ƙugin injinsa duk yini. Allurar da ko sisi ba a biya tana nan kusa da kan 'yarka, bango ne kawai tsakaninsu. Malamar asibiti ta sa mata ƙarin ruwa ba ta ce mini komai ba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ka ce ba za ka iya tahowa ba sai ka gabatar da lacca a gaban masu ba da tallafi. Na ji. Allah ya sa su tafa maka. Mama ce ke kawo mana abinci da ƙafarta mai ciwo.

Matarka,
Maman Kurciya

Likita,

Ina gaisuwa. Ina fatan ka gama laccarka lafiya.

An sallame mu, ta rayu, alhamdu lillahi. Amma fari ya rufe idanun duka biyu. Likitan ido ya yi ta kewaye-kewaye irin naku, na ce ya faɗa mini kai tsaye. Ya ce na dama ya tafi, na hagu zai iya bambance haske da duhu, shi ke nan.

Saƙonka ya iso cewa kwamiti ya sa hannu. Barka. Mataimakinka ya ce yaron da ya yi ƙyanda ba ya shiga, saboda haka ka rasa ta farkonka. Amma kada ka damu, ta shiga ta wata ƙofar. Wata ma'aikaciyarku, sabuwa ce ba ta san ni ba, ta zo gida tana ƙirga yaran da suka kamu. Ta tambaye ni me ya hana a yi wa yarinyar rigakafi, ta karanto mini dalilan da kai da kanka ka tsara a teburin falon nan: nisan asibiti, tsoron allura, jita-jita, sakacin uwa. Na ce babanta ne ya ce a jira bincike. Ta duba takardar tambayoyin sama da ƙasa, ta ce babu gurbin wannan. Ta ba ni haƙuri, ta zaɓi sakacin uwa. Har ta zauna ta yi mini nasiha cewa rigakafi ya fi magani, wai babban likitansu kullum yana faɗa.

Saboda haka duk ranar da ka tashi gaban manya kana bayanin uwayen da suka yi sakaci, ka san ɗaya a cikinsu matarka ce. Ina jin haushinka, ba zan ɓoye maka ba, kuma ban san ranar da zai huce ba.

Ɗazu maɓalli ya faɗo daga teburi. Ta ji ƙararsa, ta rarrafo da sauri tana dariya, tana shafa ƙasa da hannu. Yana nan gaban gwiwarta, ta wuce shi. Na tsaya da almakashi a hannu, ba wanda zan yi tsere da shi.

Idan ka dawo, ka yi magana tun daga bakin ƙofa, don ta san kai ne.

Maman Kurciya