Injinan da Ke Kaɗi a Ɗaki Kulle

Daga: Sakatariyar Ƙungiyar Mata Masu Kaɗi
Zuwa ga: Mai girma Daraktan Sashen Sana'o'in Hannu
14 ga Yuli

Game da: Kulle ɗakin kaɗi da riƙe mazaran iyayenmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da koken mata masu kaɗi kamar haka.

1. Ranar 3 ga Fabrairu ofishinku ya kafa mana injinan kaɗi masu aiki da hasken rana. Ma'aikatanku suka karɓe mazaran tsofaffi, wai an wuce zamaninsu. Na gan su jere cikin gilashi a zauren ofishinku, baƙi na ɗaukar hoto.

2. Ranar 20 ga Mayu aka yi wa jami'in da ke kula da ɗakin canjin wurin aiki. Ya danna kwaɗo, ya tafi da makulli. Na yi ta sintiri ofishinku, amsar ɗaya ce: kwamiti bai zauna ba.

3. Bai kashe injinan ba. Da rana ta taɓa faifan sola sai su tashi da kansu, su yi ta juyi babu auduga, babu mutum, har faɗuwarta. Wata tsohuwa da muke kira Mai-alli, wadda ba a taɓa riga ta zuwa aiki ba, ta rasu a Yuni tana tambayar ko an buɗe. Ta taga ana hango zarenta da ya tsinke yana lilo. Yara sun daina bin hanyar, sun ce ita ce ke kaɗi.

4. Gwaggona, wadda da kaɗi ta ciyar da mu, ba ta da inji, ba ta da mazari. Da ta ji ƙarar sai ta zauna bakin ƙofa, yatsunta na murza iska. Masaƙan da ke sayen zarenta sun ce haƙurinsu ya kusa ƙarewa, za su koma zaren kanti. Makaniki kuma ya ce juyin banza zai cinye injinan.

Saboda haka ina roƙon mai girma Darakta ya ba da umarnin buɗe ɗakin cikin wannan mako, a kuma dawo wa tsofaffi mazaransu. Idan ko wannan ma sai kwamiti ya zauna, to a taimaka a turo wanda zai kashe injinan, ko Gwaggo ta samu ta sauke hannunta.

Ka huta lafiya, tare da ladabi da biyayya.

Sa hannu,
Sakatariyar Ƙungiya